A Kawo Shi In Ga Bayanshi

Kakata ba ta taɓa kirana da sunana na yanka ba. Dommi take ce mini, wai tun ban iya ɗaure wando ba nake bin mutane da "don mi?" Don mi jaki ba shi da ƙaho, don mi rumbunmu ya fi ɗakin kwananmu girma, don mi ake binne cibiyar jariri a bayan ɗaki. Babana in na ishe shi sai ya ce in je in tambayi wadda ta haife shi. Ita kuwa ba ta gajiya, sai dai ta ja kunnena ta ce, "Wanga maigida nawa, ko gishiri bai taɓa sawo mini ba, sai tambaya." Ƙauyenmu yana kusa da Tabotaki, a gindin wani tsauni mai baƙaƙen duwatsu, kuma a can na yi wata tambaya da na yi shekara goma sha huɗu kafin in ji ƙarshen amsarta.

Shekarar da soja suka karɓi mulki ce, ina ɗan shekara tara. Rediyo ɗaya ke ƙauyenmu, ta mai tebur, wanda in pil ɗinta, wato batir, ya yi sanyi yakan shanya shi a rana kamar kuɓewa. Kullum da yamma in an kunna ta, kalma ɗaya ke dawowa: maceci. An sami maceci, ga macetan ƙasa, ga waɗanda suka ceci talaka. Kalmar ta yi mini daɗi a baki, na yi ta juya ta. Na tambayi mushenmu na lakwal, wato malaminmu na makarantar boko, ya rubuta mini kalma biyu na Faransanci a allo ya ce in haddace. Na tambayi liman, ya ce ceto na ranar ƙiyama ne, na Manzon Allah, in daina wasa da babbar magana. Duk sun gaya mini wani abu, amma babu wanda ya gaya mini daga ina kalmar ta fito, ko wa ya fara faɗinta.

A makon da nake ta wannan tambayar ne aka yi ɓarna a gonarmu.

Sai wanda ya ga farin shekarun nan zai san abin da hatsin wannan girbin yake a wurinmu. Shekara biyu rumbunmu ba komai sai ɓeraye, har mata suka riƙa tona gidan tururuwa suna kwashe ƴan ƙwayoyin da suka tara. To, a shekarar nan ruwa ya dawo, hatsi ya yi. Baba ya girbe, ya tara zangarniya a tsakiyar gona ta sha iska kafin a ɗaure damma. Gonar tana bakin burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa rijiya, don haka ya kewaye ta da shingen ƙaya, ya bar ƙofa ɗaya da ake toshewa da wani ƙaton reshen magarya.

Ran Talata da la'asar aka aike ni da jaki in ɗauko harawa. Na janye reshen, na shiga, na ɗora, na fito. A bakin ƙofar na ga jerin tururuwa kowace da ƙwayar hatsi a ka, sai halina ya motsa: ina suke kai shi, ko su ma sun yi fushi da aka fasa musu rumbu bara? Na duƙa ina bin su. Da na ɗago, jaki ya miƙe hanyar gida shi kaɗai, harawa tana zubewa. Na runtuma a guje bayansa. Reshen magarya yana nan kwance inda na yar da shi, ban sake tunawa da shi ba sai da na ji ihu bayan magariba.

Shanun Baffa Sambo ne suka shiga. Baffa Sambo Bafillace ne, rugarsa tana kan saurarmu tun zamanin kakana. Da rani shanunsa su kwana a gonarmu su bar mana taki, matarsa kuma kullum da hantsi ta biyo da ƙwaryar nono wurin Kaka. Fari ya cinye garkensa, saura bakwai, duk ana ƙidaya haƙarƙarinsu. Al'adarsa ya riga su zuwa rijiya ya cika musu kwami da ruwa, su kuma su biyo burtali da kansu, sun san hanya. Ran nan suka tarar da ƙofa a buɗe. Abin da suka ci da wanda suka tattake ya kusa kashi ɗaya cikin uku na tarin.

Ban taɓa ganin Baba haka ba. Ya ce Sambo ne ya janye reshen da hannunsa don shanunsa su ƙoshi, ya rantse cewa ran Juma'a da safe, a gaban maigari, sai Sambo ya tashi daga saurar, kuma kada saniyarsa ta sake sa baki a rijiyar gari. Kowa ya san ma'anar wannan. Ga rani yana ƙaratowa, mutum da ramammun shanu bakwai, an kore shi daga rijiya da sunan maɓarnaci, wane gari zai karɓe shi? Samari har sun fara saran sanduna. Shi kuwa Baffa Sambo da aka tambaye shi, abu ɗaya ya ce: "Shanuna sun ci, ban musa ba." Ni na san wanda ya bar ƙofar, kuma na kulle bakina gam saboda tsoro, ba wani dalili ba.

Yanzu bari in zo ga daren Alhamis.

Kaka tana da wurinta a ƙofar ɗakinta, wani tsohon turmi da ya fashe aka kwantar da shi, shi ne kujerarta. Da an ci tuwo, kafin a kira lisha, sai ta sa mu tara guntayen kara a hura wuta. Lokacin girbi ne, saboda haka akwai tumu: ta zaɓi zangarniya mai laushi ta gasa a bakin wuta, ta murje a tafin hannu, ta hure, ta zuba wa kowa a nasa hannun. Ƙamshin nan har yau in na ji shi a bakin hanya sai in tsaya. Mu biyar ne a daren, ni da yayata Hajo da ƴaƴan ƙanin Baba uku. Kwana biyu ba na iya cin abin kirki, kuma don kada a lura da ni, sai na jefa tambayata.

"Kaka, mi ne ne maceci? Wa ya hwara hwaɗinshi?"

Ta dube ni ta saman wuta. "Ina ka samo wanga kuma?"

"Rediyo. An ce an samu maceci."

"Af! An samu? To a kawo shi in ga bayanshi."

Muka yi dariya ba tare da mun san abin da muke wa dariya ba. Ta buga gindin ƙwarya sau uku kamar yadda ta saba in za ta fara, ta ce, "Kunnuwa ku matso, bakuna ku koma gida." Muka amsa, "Sun koma." Hajo ta ce, "Ban da na Dommi, nashi bai san hanyar gida ba."

Ta ce a zamanin da, can da, gari guda wuta ɗaya gare shi. Ba ƙyastu, balle ashana. Wutar nan ana bin gida gida da ita, kowane gida ya yi renonta kwana ɗaya, da safe mata su zo da kasko su ɗiba. A garin kuma akwai wata bulala ta fatar dorina da aljanu suka ba sarkin garin. Bulalar nan rai gare ta. In aka ɗaga ta, ba ta komawa rataya sai ta ɗanɗani bayan mutum, ko da wanda ya ɗaga ta ya yi nadama. Mutanen garin suna da kalmar duka, suna da kalmar kuka, suna da kalmar haƙuri da ake ba mutum bayan an gama dukansa. Amma abin da ke hana duka ya sauka, ba su da sunansa, don ba su taɓa ganinsa ba.

Ran nan reno ya zo kan gidan wata yarinya da uwarta ke kwance ba lafiya. Yarinya ta yi daka, ta yi ɗiban ruwa, ta zauna bakin murhu, barci ya sace ta. Gari ya waye ba wuta ko a gida ɗaya. Aka jawo ta dandali, aka ɗauko bulala.

A bayan garin akwai wani majemi sunansa Cetau. Saboda warin jima ba a cin abinci ƙwarya ɗaya da shi, in ya zo rijiya mata sukan toshe hanci. Ba danginta ba ne, bai ma san sunanta ba. Ya zo kallo ne kamar kowa. Amma shi aikinsa fata, ya dubi bayan yarinyar ya dubi kaurin bulalar, ya san wannan fatar ba za ta ɗauki waccan ba.

"Don mi bai sa ƙirgi a ƙarƙashin riga ba?" na tambaya. "Ai majemi ne."

"Ka ji shi ko! Wa ya ce maka ka hi Cetau wayo? Bulalar aljanu ta san matacciyar hwata. Mai rai take so."

"To don mi bai roƙi sarki ba?"

"An roƙa. Tsohi sun roƙa, malamai sun roƙa. Kowa na roƙo daga inda yake zaune, daga nesa, cikin inuwa. Roƙo daban."

Ta ce bulala ta tashi sama, tana saukowa, sai Cetau ya yi taku uku ya duƙa a kan yarinyar. Bulala ta sauka a bayansa tun daga kafaɗa har ƙugu. Da ta ɗanɗani baya, sai ta kwanta, don ita ba ta san mai laifi da marar laifi ba, baya kawai ta sani. Sarki ya ce, "Kai majemi, mi ne ne wanga ka yi?" Cetau ya ce shi ma bai san sunansa ba. Tun daga ranar, duk lokacin da aka ɗaga bulala sai ka ji mata suna cewa, "Ina Cetau? Wa zai yi irin ta Cetau?" A haka a haka har abin ya sami suna, aka ce ceto, wanda ya yi kuma aka ce maceci. Kuma aka kafa doka wadda har a ƙauyenmu ana bin ta: in ana dukan wani, ka shiga tsakani da jikinka ka ce "na ceta," to wadda aka riga aka ɗaga taka ce, amma daga ita magana ta mutu, ko uban yaro ba shi da ikon sake ɗaga hannu.

"Bulalar ta mutu?" in ji Hajo.

"Wa ya gaya miki? Ta hayayyahwa. Ko a ɗakin ubanku akwai jikarta rataye."

"Yarinyar fa?"

"Ta tahi garin gaba ta ɗebo wuta da ƙahwarta. Ai ita ta kashe ta." Ta murza tumu, ta hure. "Shi ya sa nac ce a kawo shi in ga bayanshi. Wanda duk anka kira maceci, ku ce ya tuɓe riga. In babu shaida, sai dai a nema mishi wani suna." Ta buga ƙwarya sau ɗaya. "Na aje ta nan, wanda ya hi ni ƙarya shi ɗauka."

Ta miƙo mini tumu, na buɗe hannu. Ba ta zuba nan da nan ba. Ta riƙe yatsuna ta ce, "Maigida, yau tambayarka ta ƙare da wuri." Na ce barci nake ji. Ta ce, "To," ta zuba.

Kunya nake ji in faɗi abin da na kwana da shi a rai, amma zan faɗa. Ban yi tunanin laifina ba sosai. Tunanin da na yi shi ne gobe ni zan zama Cetau. Zan miƙe a gaban maigari in faɗi gaskiya, a bar Baffa Sambo da rugarsa, a yi ta labarina, wataƙila ma har mai rediyo ya ji. Yaro ke nan. Sai kuma in tuna da bulalar da ke ɗakin Baba, taƙamar ta gudu. Haka na yi ta yi tsakanin taƙama da tsoro har barci ya ɗauke ni.

Da safe aka taru a ƙarƙashin gawon ƙofar maigari. Baffa Sambo yana zaune shi kaɗai a gefe, ya ajiye malfarsa a gwiwa, ya bar sandarsa a ruga don kada a ce da faɗa ya zo. Baba kuwa ya zo da tasa, wata kakkaurar sandar aduwa, yana dogara ta yana magana. Samari suna tsaye a baya. Mata suna leƙe ta kan danga, Kaka a cikinsu. Maigari ya sake tambayar Baffa Sambo ko yana da abin cewa game da reshen, ya ce, "Ranka ya daɗe, shanuna sun ci." Maigari ya yi ajiyar zuciya, ya gyara zama zai yanke magana.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Jawabin da na shirya da dare duk ya gudu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Ni ne. Ni na bar shi buɗe. Tururuwa na bi." Wani ya fashe da dariya, ya kuma haɗiye ta da ya ga fuskar Baba.

Yanzu da na girma na san abin da ya taso wa Baba a lokacin. Ba hatsin kaɗai ba ne. Kwana uku yana zagin mutumin da suka tashi tare, ya rantse a gaban gari, ga shi ɗan cikinsa ya mai da shi maƙaryaci. Wallahi ban yarda ya tuna abin da ke hannunsa ba. Na ga sandar aduwa ta yi sama, na runtse ido, na dafe kai.

Na ji ƙarar, ƙas, amma ban ji zafi ba. Abin da na ji shi ne warin shanu da hayaƙi, da nauyin mutum a kaina. Baffa Sambo ne. Yadda ya taso daga inda yake ya iso kafin sandar, har yau ban gane ba. Hannunsa na dama ya ɗora a kan ƙeyata, a nan ta sauka. Ya kira Baba da sunansa, ya ce da ƙarfi, "Na ceta! Alasan, na ceta!"

Sandar ta faɗi daga hannun Baba. Ya dubi hannun Baffa Sambo, yatsu biyu sun karkace inda bai kamata ba, ya dubi ni, sai ya durƙusa a ƙasa a gaban jama'a ya rufe fuska da hannun riga. Ban taɓa ganin Baba yana kuka ba sai ran nan, kuma ban sake gani ba sai ranar da Kaka ta rasu. Maigari ya ce, "An ceta. Magana ta mutu." Samari suka silale ɗaya bayan ɗaya da sandunansu a ɓoye a baya. Ba a sake zancen tashin ruga ba.

Maɗori ya ɗaure yatsun da kara, amma ba su koma daidai ba. Ƙaramin da na kusa da shi suka sandare, ba sa lanƙwasawa. Mutumin da ke jan guga daga rijiya mai gaba ashirin, wannan ba ƙaramin rashi ba ne. Baba bai sake taɓa ni a kan maganar ba, doka ta hana shi, amma ya ce daga yau in an taso lakwal rijiya zan nufa. Rani huɗu na yi ina taya Baffa Sambo jan ruwa, har na tafi kwalej a Buza. Kullum in na iso sai ya ce, "Dommi, ka ruhe ƙohwa?" ya yi ta dariya.

Da yammar ranar Juma'ar, na je wurin Kaka da ɗan guntun taƙamar da ta rage mini. Na ce, "Kaka, ni ma na ceci Baffa Sambo, ko? Ba don na yi magana ba da an kore shi."

Ta kalle ni sama da ƙasa. "Juyo in ga bayanka." Na juya. Ta ɗaga rigata, ta ɗan mare ni a gadon baya. "Sumul! Kai dai ƙwaryar da ka ɓata ce ka wanke, kuma ka yi daidai, Allah shi yi maka albarka. Amma kada ka ɗauki sunan wani."

"To ai shi ma ba a baya anka buge shi ba, a hannu ne."

"Ka ji min ɗan banza! Baya ko hannu, ba duk jikinshi ba ne?"

Shekaru suka wuce. Farin da ya sake zuwa bayan shekara goma ya kwashe sauran shanun, Baffa Sambo ya yi kudu da iyalinsa, muka daina jin labarinsa. Kaka ta rasu a damanar da ta biyo. Ni kuma na zama mushe, aka tura ni wani ƙauye a ƙasar Keita. Halin tambaya bai bar ni ba: na bi littattafai ina neman asalin kalmar nan. Abin da na samu kaɗan ne. Ba daga Larabci ta zo ba, ba daga Faransanci ba, tamu ce tun fil'azal, kuma masana sun ce sunan Cetau ne ya fito daga ceto, ba ceto daga Cetau ba. Da Kaka na da rai da na kai mata wannan, na san kuma abin da za ta ce: su masanan suna wurin?

Wata ranar kasuwar Tamaske, na je sayen albasa, sai na hango wani tsoho a layin masu igiya yana tufka da hannun hagu, yana danne bakin igiyar da na dama. Yatsun na fara ganewa kafin fuskar. Na durƙusa na ce, "Baffa." Ya ƙura mini ido, sai ya washe baki. "Dommi! Ka ruhe ƙohwa?"

Muka zauna a inuwar rumfa, na sayo fura. Ya ba ni labarin kudu, da yadda yanzu yake kiwon shanun wani mai albasa. Can na kasa daurewa, na yi tambayar da ta daɗe tana cina. Na ce, "Baffa, abu ɗaya ban gane ba. Kwana uku ana cewa kai ka janye reshen, ka san ba kai ba ne. Don mi ba ka ko rantse ba?"

Ya kurɓi fura, ya goge gemu. "In na rantse ba ni ba ne, sai a tambaya to wa ne."

"Ai ba ka san ko wa ne ba."

Ya yi dariya har da tari. "Kai, yaro! Ni da ke bin sawun saniya a kan dutse? Tun asubahin Laraba na tahi bakin shingen. Ga sawun jakinku ya hito, ga harawa ta zube, ga ƴar ƙahwarka, ga ma inda ka durƙusa gwiwa biyu kana kallon ban san mi ba. Na share da tahin ƙahwata kahin ubanka shi iso." Ya ajiye ludayi. "Na san zuciyar Alasan tun muna yara. A kwanakin nan, da kai ya kama, da ba yatsa biyu za a yi zance ba."

"Da an kore ka fa?"

"Da na tahi."

Sai can na ce, "Kaka ta sani?"

"Matata ba ta iya riƙe magana ba in ta ga Inna, kakarka. Ran Alhamis da hantsi ta gaya mata, wurin kai nono. Inna ta ce a bar mata kai, za ta yi maka tatsuniya."

Na zauna a kasuwar nan, ƙato da ni, mushe guda, hawaye suna zuba a ƙwaryar fura. Shekara goma sha huɗu ina zaton ceton Baffa Sambo taku uku ne da sanda ɗaya, abin da zuciya kan yi kafin mutum ya yi shawara. Ashe kwana uku ya yi a duƙe a kaina ban sani ba, da rugarsa da rijiyarsa da sunansa. Ita kuma tsohuwar, ta san komai tana murza mini tumu, ba ta tona ni ba, ba ta kuma bar ni na kwana lafiya ba. Da za mu rabu na miƙa masa hannu, ya ba ni na daman. Yatsu uku suka kama ni, biyun suna tsaye. Ban sake ganinsa ba.

Tun daga lokacin na ji an kira mutane da yawa da sunan nan, a rediyo da bakin maroƙa da jikin bango. Ba na gardama da kowa, wasu ma na san sun yi abin kirki. Ni kaina an taɓa kirana haka, wata uwa ce da na hana a kori ɗanta daga lakwal, alhali abin da na yi bai wuce rubuta takarda ina zaune a inuwa ba. Na ce mata ta nema mini wani suna. Jikokina in sun tambaye ni mene ne maceci, ina ba su labarin Cetau yadda na ji shi, da wutar da bulalar, in kuma ƙara musu da na wani mai tufka igiya da hannun hagu. Kwanan baya ƙaramarsu, wadda ta gado bakina, ta zagayo ta ɗaga mini riga ta leƙa. Na bar ta ta duba da kyau. Sumul yake har yau.